Layin da Ke Kan Lambar Inna

Ni ba mai fita ba ce. Ko a nan cikin Daura, in aka ce in nuna hanyar tasha sai na tsaya na yi tunani. Kitso nake yi a gida, a gindin darbejiyar tsakar gidanmu. Mata su zo su zauna a gabana, ina tsaga kai suna zuba mini labarin gari, har ban ga abin da zai fitar da ni ba. Firamare ma ban gama ba. Amma Allah ya ba ni kunne. In mutum ya yi sallama daga zaure, kafin ya rufe baki na san ko wane ne, na san ko da fara'a ya taho ko da damuwa.

Asalinmu wani ƙauye ne kusa da Babban Mutum. Mu huɗu ne muka rayu a ɗakin Inna. Yaya shi ne na fari, sai ni, sai ƙanwata da ke aure a Dutsi, sai autanmu da ke koyon walda a Kano. Bayan rasuwar Baba ciwon gwiwa ya matsa wa Inna, maigidana ya ce a dawo da ita wajenmu tunda asibiti ya fi kusa. Da sunan jinya ta zo, sai zama ya miƙe.

A duk zuriyarmu Inna ce ta fara samun lambar ɗan ƙasa, kuma ba da niyya ba. Masu rajista sun je ƙauyenmu ranar kasuwa, da damina, kowa yana gona. Ta ga mata sun yi cincirindo a makarantar firamare, ta zaci gidan sauro ake rabawa, ta bi sahu. Aka ɗauki hotonta, aka danna yatsunta duka a kan wani gilashi, aka miƙa mata 'yar takarda. Ta koma gida tana mita, wai an ɓata mata yini a banza. Ta jefa takardar cikin adudunta.

Sai ga sanarwa a rediyo, wai duk layin wayar da ba a haɗa shi da lambar ɗan ƙasa ba za a rufe shi. Nan fa hankali ya tashi. Ofishin rajista ya cika maƙil, mutum ya yi sammako ya dawo da la'asar bai ga ko ƙofar ba. Maigidana yana da tasa lambar. Mu kuwa sai muka tuna da takardar Inna. Wani mai lema a bakin titi, irin masu sayar da layin waya, ya haɗa mana duka a yini guda: nawa, na ƙanwata, na auta. Haka kowa ya yi a unguwarmu. Mai lamba ya ara wa marar lamba, kamar yadda ake aron turmi ko gatari. Ba wanda ya ga aibu a ciki.

Yaya ma'aikacin gwamnati ne, shi ke riƙe da makullin sito inda ake ajiye takin zamani da iri kafin a raba wa manoma. Wace ƙaramar hukuma ce, wannan kam ku bar ni da shi. Yana da tasa lambar, yana da babbar wayarsa ta ofis. Amma akwai wata ƙaramar waya mai tocila da yake yawo da ita, da wani tsohon layi a ciki, don shi ne ke kamawa a ƙauye. Ranar da mai lema yake mana aiki Yaya ya zo gaishe da Inna, ya miƙo ita ma ya ce a haɗa gaba ɗaya a huta. Aka haɗa. Daga nan kowa ya manta.

Sai na faɗa muku yadda Inna take da Yaya. Ɗan fari ne, ita kuma mutuniyar da ce. Tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Kakarmu ce ta yaye shi, ita ta raine shi. In ya zo gaisuwa yakan durƙusa a bakin ƙofa, Inna ta juya fuska wajen bango, ta amsa ciki-ciki kamar da tabarma take magana. In tana son a ba shi fura sai ta ce da ni, “Ki kai wa wancan.” Akwai wani yaron maƙwabta mai sunansa, shi ma haƙura ta yi da sunan, ta laƙaba masa nata. In an tambaye ta 'ya'yanta nawa, uku take cewa. Mu ba mu taɓa ɗaukar wannan wani abu ba. Haka muka taso muka tarar.

Wata safiya, ruwa ya sauka an yi shuka, mutane suna ta jiran taki, ina yi wa wata maƙwabciya shuku. Rediyo yana kan taga, ana shirin nan da mutane ke bugo waya su faɗi damuwarsu. Inna tana gefe tana tsince wake a faifai. Sai wani ya bugo. Muryar ta fito a dushe, da ji an toshe baki da tsumma. Ya ce shi wani manomi ne. Ya ce taki ya iso sito tuntuni, amma ana loda shi a motoci ana tsallakawa da shi iyaka, manoma kuwa ana ce musu bai zo ba. Ya faɗi garin da siton yake, ya faɗi launin buhunan. Ya ce duk mai shakka ya je ya leƙa kafin a kwashe sauran.

Kafin ya faɗi zancen motocin sai da ya yi gyaran murya, ya ce, “Wato kenan.” Tun muna yara haka Yaya yake yi in zai faɗi abu mai nauyi.

“Wayyo, a hankali mana!” in ji maƙwabciyar. “Gashin nawa za ki tuge?”

Na ba ta haƙuri. Na saci kallon Inna. Hannunta yana cikin faifai, amma ya daina motsi.

Kafin azahar maganar ta zaga gari. Duk wadda ta zo kitso da ita take shigowa. Wata ta ce Allah ya yi wa bawan Allahn nan albarka, mijinta ya kusa sayar da akuya don ya sayi taki a kasuwa. Wata ta ce, “Albarka a ina? Ya dai ɗebo da zafi. Ba ku san yanzu gwamnati tana da na'urar da ke jin duk abin da aka faɗa a waya ba? Ko a ƙarƙashin gado ka shiga ka buga, sun san gadon.” Aka yi dariya. Ni ma na yi, amma matajin hannuna sai da ya faɗi.

Ranar Juma'a bayan an sauko Yaya ya zo. Bai zauna ba sai da ya ce a tattara wayoyin gidan a kai madafa a kife su da tukunya. Maigidana ya ce, “Yaya, ai sai su ji ƙamshin miya su biyo.” Yaya bai yi dariya ba. Muka zauna a ƙofar ɗakin Inna, ita tana ciki.

Na ce, “Yaya, na ji ka.”

“Na san za ki ji. Ke da kunnenki kamar na zomo. Amma su ba za su gane ba. Ban yi da wayar ofis ba. Da ƙaramar na yi, layin kuma na cire na jefa a masai. Babu sunana a jikinsa.”

“To sunan wa ke jikinsa?”

Ya buɗe baki zai amsa, sai ya tsaya. Na ga yadda abin ya faɗo masa. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, yana kallon labulen ɗakin. Mutum mai ilimi, mai lissafi, ya tuna da komai, ya manta da mai lema.

Sai Inna ta yi magana daga ciki, kuma da ni take. “Ki tambayi wancan, abin da ya faɗa gaskiya ne?”

“Wallahi gaskiya ne,” in ji Yaya, kansa a ƙasa. “Ni ake sa wa in buɗe ƙofar. Na kai ƙara sama, aka ce in kama bakina.”

“To ki ba shi ruwa ya sha.”

Yaya ya ce gobe zai je ya kai kansa, ba zai bari a zo a tsaya a kan tsohuwa ba. Maigidana ya riƙe shi. Ya ce mutane nawa ke bugo waya rediyo kullum suna zagin gwamnati, wa aka kama? Ya ce ƙila ba za a bi ba. In ma an bi, tsohuwa za a tarar mai ciwon gwiwa wadda ba ta san ko lambar wayarta ba, me za a yi mata? Ta ce ba ta sani ba, shi ke nan. In kuwa Yaya ya kai kansa, aiki ya tafi, ƙila har da gidan yari, ga mata ga yara. Da ƙyar ya yarda. Ya tafi bai ci abinci ba.

Ni aka bar wa aikin shirya Inna. Ta ce, “Da furfurata za ki koya mini ƙarya?” Na ce ba ƙarya ba ce, ai da gaske ba ta san lambobin ba. Ta ce in dai iyakarta “ban sani ba” ne, za ta iya. Sai na riƙa zama a gabanta ina ƙara kauri a murya. “Tsohuwa, layin nan na wane ne?” Ta ce, “Ban sani ba.” “Wa kika ara wa takardarki?” Ta lissafo ni, da ƙanwata, da auta. “Sai kuma wa?” “Ban sani ba. Ke, tashi ki ba ni wuri, kin ishe ni.” Kullum sai mun yi, har ta haddace.

Zaman jiran nan ban taɓa ganin irinsa ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duk sallamar da na ji a zaure sai na miƙe zumbur, ko da muryar mai kawo ruwa ce. In babur ya rage gudu a ƙofar gida sai na saki kan da nake kitsawa. Na dafa abinci na manta gishiri, na koma na sa har ya yi yawa. Ni da nake cinye kati a hira, waya ta zame mini kamar kunama a cikin zane. Ƙanwata ta bugo daga Dutsi tana zumuɗi, “Yayata, kin kuwa ji mutumin nan na rediyo? Ni fa muryar nan kamar…” Na katse. Ta sake bugowa na ƙi ɗauka. Ta aiko a tambaya ko laifi ta yi mini. Da rana tsaka sai in ga na tashi na leƙa zaure, ba kowa, in dawo in zauna, in sake tashi.

A ƙofar gidanmu akwai shagon wani Ibo mai sayar da kayan gyaran babur. Ya daɗe a unguwar, yaransa a gabanmu aka haife su. Wata safiya ya tare maigidana ya ce, “Maƙwabci, jiya mutum biyu sun tsaya a shagona. Ba su sayi ko ƙusa ba. Suna tambayar gidan da wata tsohuwa mutuniyar Babban Mutum take. Na ce ni babur na sani, ban san tsohuwa ba. Amma ka shirya.”

Da hantsi suka zo, ba kaki a jikinsu. Maigidana ya shimfiɗa musu tabarma a zaure, ya tambaye su ko akwai takarda daga alƙali. Ɗaya dogo ne, Hausarsa irin ta bariki, ya ce ba kamu suka zo yi ba, tambaya ce kawai, in kuma ana son a je ofis a yi ta, mota tana waje. Na kamo Inna na kawo ta, na zaunar da ita, na koma bayan ƙofa na maƙale.

Na biyun gajere ne, mai sanyin murya. Daga gaisuwarsa na gane bakin yamma ne, irin masu cewa “hwaɗi” da “tahi”. Ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa. Ya tambayi gajiya, ya tambayi gida, ya tambayi gwiwa, har ya ce tasa mahaifiyar man shanu take shafawa da ɗumi. Wallahi ni dogon nake tsoro. Wannan kuwa har na ji hankalina ya ɗan kwanta.

“Inna, takardarki ta ɗan ƙasa, su wa suka haɗa waya da ita?”

Ta kira sunana. Ta kira na ƙanwata. Ta kira na auta.

“Madalla. Saura ɗaya.”

“Ban sani ba.”

“Ki tuna dai, Inna.”

“Ɗan nan, ni ko tawa wayar sai an danna mini. Ban sani ba.”

A bayan ƙofa na ce alhamdu lillahi. Dogon ya fara ɗaga murya, wai tsohuwa tana wasa da hukuma, wai layin da sunanta yake, in ba ta faɗa ba ita za ta amsa. Inna ta ce to ga ta, in za su iya ɗaukarta da gwiwar nan. Gajeren ya ɗaga masa hannu, ya yi masa magana da Turanci, sannan ya juyo wajen Inna.

“A bar zancen waya, Inna. 'Ya'ya nawa Allah ya bar maki?”

“Uku.”

“Allah ya raya. Wannan da ke bayan ƙofa tana saurarenmu, ita ce babba?”

Inna ta kawar da kai.

“Ai yanzu kika kira sunanta da bakinki, ko ɗar ba ki yi ba. Wannan ba ta fari ba ce. Ina na farin?”

Da za ta ce ya rasu, da ƙila an wuce wurin. Amma wace uwa ce za ta faɗi haka a kan ɗa mai rai? Ta kafar ƙofa na ga ta jawo mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya wajen bango, daidai yadda take yi in Yaya ya durƙusa a gabanta.

“Namiji ne ke nan. Hwaɗa mani sunansa, Inna.”

“Haba ɗan nan,” ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. “Kai ba uwa ce ta haife ka ba?”

Ya yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba. “Allah ya huci zuciyarki, Inna. Na yi laifi. Mun gode.” Ya miƙe yana sa takalmi. Dogon ya tsaya yana zare ido, bai gane abin da aka gama ba. Ya ce ai ba ta faɗi komai ba. Gajeren ya ce su tafi.

Komai mun bita ni da Inna, ban da wannan. Bai taɓa zuwa mini a rai ba, don wa ke zama ya yi bitar yadda yake numfashi? Su kuma abin da ya rage musu kaɗan ne. Kowa a ƙauyenmu ya san ɗan farin Inna, kowa ya san makullin da yake riƙe da shi.

Na ɗauki waya zan kira Yaya, na ajiye. Na sake ɗauka, na sake ajiyewa. In na kira, ai na kira musu ne. Maigidana ya hau babur ya tafi ya same shi a wurin aiki. Yaya ya ce ba inda zai gudu, iyaka ga ta nan kusa amma shi ba ɓarawo ba ne. Ba a rufa mako ba suka je suka tafi da shi Katsina.

Inna ta daina cin abincin kirki. Maigidana ya yi ta faɗa mata cewa ko ba ta juya kai ba da sun gano, mutanen da suka san gidan nan ai ɗanta ba zai ɓace musu ba. Ta ce ta ji. Tasbahanta kawai take ja. Ni kuma na rasa wurin zama a gidan da ban taɓa gajiya da shi ba. Matan unguwa suka ragu. Waɗanda ke zuwa su ajiye waya a gida, su zauna shiru har a gama, sai ka ce kitson takaba.

Bayan wasu kwanaki aka ba da belinsa. Wata lauya ce ta tsaya masa, daga wata ƙungiya ta masu kare haƙƙin mutane. Ya dawo ya rame. Ya ce ba su dake shi ba. Abin da suka yi, sun zaunar da shi suka riƙa faɗa masa wanda ya kira da ƙaramar wayar tun bara, da garin da yake tsaye lokacin da ya kira. Har ranar da matarsa ke naƙuda ya yi ta bugo mini, sun sani. Ya ce, “Na ji kamar an yaye rufin ɗakina ana kallo.” Laifin da aka ɗora masa shi ne fitar da sirrin ofis. Aka dakatar da shi, aka ce wani kwamiti zai zauna a kan aikinsa.

Lauyar ta zo gidanmu ta ji yadda aka yi wa Inna tambaya. Yarinya ce ƙarama, mai saurin magana, ta zauna a tabarma ta sha furarmu ba ƙyama. Ta tambaya ko sun nuna wata takarda, muka ce a'a. Ta ce kamata ya yi a ce sai da izinin alƙali ake buɗe bayanan wayar mutum, kuma za ta nemi su nuna izinin a kotu. Ta ce akwai wata doka da ake son a yi don a kare irin su Yaya, masu ganin ɓarna a wurin aiki su faɗa. An kai ta majalisa, an karanta, an tafi hutu, an yi zaɓe, an sake kai ta. Har yanzu dai ba ta zama doka ba.

Na ce, “Ranki ya daɗe, ni ban yi karatu ba, amma ki ba ni amsa. Masu kwashe takin nan ba su da waya ne? Da direbobin, da wanda ke tarar su a can, duk da tsuntsu suke aika saƙo? Na'urar da ta gano tsohuwa a ƙuryar ɗaki, ta yaya ba ta ji motoci ba?”

Ta yi murmushi ta ce in ta tsaya gaban alƙali za ta ari tambayar. Amsa dai ba ta ba ni ba. Taki kuwa an fito da wani a gurguje an raba a gaban masu ɗaukar hoto, bayan gero ya riga ya kai gwiwa. Ba wanda aka kama. Mun ji an yi wa mutum ɗaya canjin wurin aiki.

Inna ta ce a sauke mata kowa daga kan takardarta, ita ma a cire tata wayar, ba ta so. Dole na sa hijabi na fita neman tawa lambar. Na yini a ofishin rajista, ƙafafuna suka kumbura. Da aka zo kaina wani saurayi ya ce in ɗan ja hijabin baya, in kalli nan, kada in yi murmushi. Ya kama yatsuna yana dannawa a gilashi, ya ce kitso ya cinye mini zanen babban yatsa, in goge in sake. Na sake. Na fito da tawa takardar. Yanzu duk abin da na faɗa a waya da sunana yake tafiya, ko ma wa ke karɓa a can.

Ranar da kwamiti ya zauna, tun safe na kasa kama kai. Na ce da masu kitso hannuna ke ciwo. Na share tsakar gida, na sake sharewa, na wanke kwanukan da ba su yi datti ba. Azahar ta wuce, la'asar ta yi, shiru. Da na kasa daurewa na kira shi.

“Yaya, ina wuni?”

“Lafiya lau. Ina gajiya?”

“Ba gajiya. Ya iyali?”

“Lafiya lau suke.”

“Ya ruwa a wajenku?”

“Ruwa ya yi gyara.”

“Ya… ya hidima?”

“Mun gode Allah.”

Ina jin numfashinsa, ina jin kukan akuya a bayansa, da wata ƙara siririya a cikin layin da ban san ko ta mece ce ba. Maganar tana bakina, tana bakinsa. Da can sai kati ya ƙare muna zuba.

“Zan shigo ranar Juma'a,” ya ce. “Ki gaishe da mutanen gida.”

“Za su ji.”

Ba sai na jira Juma'a ba, na riga na gane. “Mun gode Allah” iri-iri ce, wannan kuwa irin wadda ake faɗa ce a zaman makoki. Sun kore shi.

Na ajiye wayar a kan taga. Na zuba ruwan ɗumi a buta na kai wa Inna don alwalar magariba. Tana zaune a bakin gado ta miƙe ƙafa, ta dube ni.

“Ya ce zai zo ranar Juma'a,” na ce.

Ta karɓi butar. Sannan ta ce gonar Baba ta bakin fadama ba a ba kowa ita bana ba. Ta ce in faɗa wa maigidana ya aika ƙauye kada a taɓa ta, akwai mai nomawa.